Ƙwallon Rulet: Inda Lissafi Ke Kaiwa Da Inda Yake Tsayawa

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai, a Gusau

 Ina yi wa waɗanda suka taso daga Tsafe da Bunguɗu barka da hanya. Allah ya ƙara mana zaman lafiya a hanyoyin nan namu, amin.

Kwamiti ya ce in yi magana a kan Fiziks, amma kada in sa mutane gyangyaɗi. Shi ya sa na zaɓi caca. Malam, a yi mini afuwa, ba koyar da ita zan yi ba. Addininmu ya haramta ta, kuma tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a garin nan a watan Oktoba na 1999 gidajenta suka rasa wurin zama. Sai dai yanzu ta dawo ta cikin wayar hannu, tana aljihun 'ya'yanmu da ƙannenmu. Wasunsu har cewa suke yi sun gano lagonta. To, bari mu duba mu ga ko akwai lagon.

Akwai wata caca ta Turawa da ake kira rulet. Faifai ne babba mai nauyi, an girke shi cikin wani abu kamar daro. A bakin faifan akwai gurabu 37, daga 0 zuwa 36. 18 ja ne, 18 baƙi, sifili kuwa kore. Na Amurka 38 ne, don sun ƙara wani sifilin. Ma'aikacin gidan zai juya faifan ta hannu ɗaya, ya murza ɗan ƙwallo a gefen daron ta ɗaya hannun. Duk gurbin da ƙwallon ya faɗa, shi ya ci.

Ga lissafin mai gida. A ce ka zuba naira 100 a kan kowace lamba, wato naira 3,700 ke nan. Dole ɗaya ta ci. Za a ba ka ninki 35, naira 3,500, a mayar maka da ɗarinka, ka tashi da 3,600. Ina ɗari guda? Tana wurin mai gida. Kashi 2.7 cikin 100 ke nan, a na Amurka kuwa ya haura kashi 5. Ba ya bukatar yin maguɗi, haƙuri kawai yake yi.

Amma ku lura da wani abu. Da za ka tabbatar da lambobi biyu kacal da ƙwallon ba zai faɗa ba, sai ka zuba a kan 35 da suka rage: 3,500 ta fita, 3,600 ta shigo. Ashe ribar mai gida siririya ce, ɗan sani kaɗan zai iya kifar da ita. A nan Fiziks ya shigo.

Ƙwallon nan ba aljani ba ne, dokokin Newton da Malam ya sha rubuta mana a allo su yake bi. Yayin da yake da gudu, bangon daron ne ke riƙe shi yana zagayawa. Gogar katako da iska suna rage masa gudu sannu a hankali, har ya kai inda nauyinsa zai rinjaya, ya saki bango ya gangaro. Abin sha'awar shi ne, gudun da yake sakin bango a kansa bai danganta da ƙarfin hannun wanda ya murza shi ba. Faɗin daron da gangarensa ne suka yanke shi. Ko da ƙarfi aka jefa, ko a hankali, sai ya sauko zuwa wannan gudun sannan ya faɗo. Saboda haka in ka auna daƙiƙun da ya ɗauka ya yi zagaye ɗaya ko biyu, za ka iya lissafa zagaye nawa ya rage masa, da kuma daidai inda zai saki bango. Shi kuwa faifan, saboda nauyinsa, gudunsa ba ya raguwa sai kaɗan-kaɗan, don haka sanin lambobin da za su iso wurin a lokacin ba wuya. In kuma teburin ya ɗan karkata, ko da bai kai digiri ɗaya ba, ƙwallon zai riƙa yawan faɗowa ta gefe guda, aiki ya ƙara sauƙi.

An kuwa gwada. A 1960 da 1961 wasu malamai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Edward Thorp da Claude Shannon, suka sayi faifan rulet suka ajiye a gidan Shannon suna ta awo. Suka ƙera 'yar kwamfuta da ba ta fi kwalin taba ba. Mutum zai danna maɓalli da babban yatsan ƙafa duk lokacin da ƙwallo ya wuce wata alama, na'urar ta yi lissafi, ta aika da sauti a kunne. Sun raba faifan gida takwas, kowane gida da sautinsa. Bisa awonsu, ribar da ake tsammani ta kai kashi 44 cikin 100. Sun kai ta Las Vegas a 1961, ta yi aiki, amma siraran wayoyin kunne suka yi ta tsinkewa. A ƙarshen shekarun 1970 wasu ɗaliban Fiziks na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, cikinsu har da Doyne Farmer da Norman Packard, suka kai ga cusa tasu kwamfutar cikin takalmi. A 1985 jihar Nevada ta kafa dokar hana shiga gidan caca da irin waɗannan na'urori. A 2012 kuma Michael Small da Chi Kong Tse suka wallafa bincikensu, inda suka sami ribar kusan kashi 18 cikin 100.

To, me ya sa gida takwas, ba lamba guda ba? Domin bayan ƙwallon ya saki bango, akwai 'yan ƙarafa da aka kafa a gangaren don ya yi karo da su, ga kuma shingayen da ke tsakanin gurabu. Mutanen Bunguɗu, ku ɗauki Dutsen Kwatarkwashi. In yaro ya saki tsakuwa daga samansa, kowa ya san ƙasa za ta yi, har ma ta wane gefe. Amma ya koma ya saki wata daga wuri ɗaya, ba za ta tsaya inda ta farko ta tsaya ba. Bambancin da bai kai kaurin gashi ba a karon farko, a karo na biyu ya zama taki, a na biyar ya zama zira'i goma. Masanin lissafin nan na Faransa, Henri Poincaré, ya bayyana wannan tun 1908, har da rulet ya ba da misali. A 1963 Edward Lorenz ya gano abu ɗaya a lissafin yanayin sama.

Duk wanda yake Gusau ranar 29 ga Maris, 2006, ya tuna husufin rana, yadda gari ya yi duhu da hantsi. Masana sun faɗi ranar da mintin shekaru da yawa kafin ya auku, domin rana da wata ba sa karo da kome a hanyarsu. Amma su faɗa maka ko za a yi ruwa a Tsafe ranar kaza ta watan gobe, ba su iyawa. Ƙwallon rulet ya haɗa halayen biyu: a bango husufi ne, a gangare hadari ne.

Yanzu ku dubi abin da waɗancan mutane suka auna: ƙwallon da ke gudu a gabansu ne, ba lambobin da suka fito jiya ba. Ɗan caca kuwa littafi yake buɗewa yana rubuta abin da ya wuce, yana cewa ja ya daɗe bai zo ba, yanzu lokacinsa ne. A watan Agusta na 1913, a gidan cacar Monte Carlo, baƙi ya fito sau 26 a jere. Mutane suka yi ta tula kuɗi a kan ja, suka yi ta asara. Faifai ba ya riƙe abin da ya wuce. A juyi na 27 ma damar ja 18 ce cikin 37, kamar a juyin farko. Maganin Thorp ɗin ma a hannun mai gida yake: ya rufe karɓar kuɗi kafin a murza ƙwallo, shi ke nan, awo ya tashi a banza.

Na wayar hannu ya fi muni. A yawancinsu babu faifai, babu ƙwallo, babu gogayya. Kwamfutar kamfani ce ke fitar da lamba, sannan a nuna wa yaro hoton ƙwallo yana zagayawa don ransa ya biya. Ko Shannon aka tayar ba shi da abin da zai auna. Abin da ya rage shi ne ɗarin nan ta mai gida, ana cire ta a kowane zagaye, daga kuɗin makaranta ko kuɗin taki. Masu sayar da lambobin "tabbas" a Facebook da WhatsApp kuwa, da lambobin na ci, ai da ba su sayar ba.

Ina da roƙo ga ƙungiya. A cikin abin da za mu tara bana, a ware kaɗan a sayo wa ɗakin gwaje-gwaje agogon awon daƙiƙa guda goma. Sauran kayan suna kasuwa: daron ƙarfe da 'ya'yan boris na keke. Yara su murza ɗan boris a gefen daro sau 50, su rubuta tsawon lokacin zagayen ƙarshe kafin ya gangaro, sannan su rubuta inda ya tsaya. Za su ga jerin farko kusan lamba ɗaya ce ke maimaituwa, na biyu kuwa ya watsu kamar gero a masussuka. Ni na ɗauki nauyin daro biyar, Ma'aji ya rubuta.