Jemage Da Makomar Kuka Da Ɗorawa



Duk wanda ya zauna a Maiduguri ya san darajar inuwa, ya kuma san yadda hamada take matsowa daga arewa. Amma kaɗan ne suka san cewa jemage, wanda yara ke jifa da danƙo, yana cikin masu tsare mana itatuwa.

Furen kuka da maraice yake buɗewa, kashegari ya yi yaushi. Cikin wannan dare guda jemage yakan zo shan ruwan zaƙin da ke cikinsa, garin furen ya manne a gashinsa, ya kai shi ga wata kukar. Ta haka ake samun 'ya'ya. Haka yake yi wa tutun ɗorawa da furen rimi. Watau kalwar da ake daddawa da ita, da garin kukar da ake damawa da nono, duk akwai aikin jemage a ciki. Ban da wannan, yakan ci 'ya'yan itace ya yar da ƙwallon a nesa. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna jemagun birnin Ankara na ƙasar Gana suna iya kai iri har nisan kilomita 75.

To, yawansa yana raguwa. Tun 2008 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa babban jemage mai ruwan ɗorawa cikin dabbobin da ke dab da shiga haɗari, saboda farauta da sare itatuwan da yake kwana a kai. Macen ɗa guda take haihuwa a shekara, don haka ɓarnar rana ɗaya sai an daɗe ba a mayar da ita ba.

Gyara yana yiwuwa. A Amurka akwai wani jemage mai shan fure wanda a 1988 bai kai dubu ɗaya ba. Aka tsare kogunan da yake kwana, aka wayar da kan jama'a. A 2018 ya kai wajen 200,000, aka cire shi daga jerin masu shirin ƙarewa.

Saboda haka ana roƙon masu unguwanni da malaman makaranta su hana sare itacen da jemagu ke kwana, da yi masa hayaƙi. Iyaye su kwaɓi yara. Kada kowa ya taɓa jemage da hannu ko ya ci namansa, domin yana iya ɗauke da cuta. A bar shi a bisa, ya yi aikinsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.