Kitsen Tumbi da Ciwon Sukari

 Yau kan ƙiba za mu yi magana. A wurinmu idan mace ta yi teɓa sai ka ji ana cewa ai ta samu hutu, maigida yana kula da ita. Har akwai masu zuwa kemis su sayi ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe don su ciko. To uwargida, ki ba ni aron kunnenki.

Da can ana ɗaukar kitse tamkar rumbu ne kawai, inda jiki ke ajiye rarar abinci. A shekarar 1993 masu bincike a Amurka suka gano cewa idan kitse ya yi yawa, yana fitar da sinadarai masu haddasa kumburi. Kin san yadda idan ƙaya ta soke ki wurin kan kumbura ya yi zafi? Sojojin jiki ne suka taru suna faɗa, in sun gama su watse. Amma idan ƙwayoyin kitse suka cika suka batse, musamman wanda ya naɗe hanji da hanta, sojojin nan kan taru a cikinsa su ƙi watsewa. Wannan kumburi ba a ganinsa, ba a jin zafinsa. Kamar wutar ƙaiƙayi yake, ta ƙarƙashi yake ci, shekara da shekaru.

Ina ruwan wannan da ciwon sukari? Tuwo, shinkafa, burodi da taliya duk sukari suke komawa a cikin jini. Akwai sinadarin insulin, shi ne makullin da ke buɗe ƙofa sukari ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Kumburin nan kan sa kwaɗon ya yi tsatsa, makulli ya ƙi buɗewa. Jiki ya yi ta ƙara insulin har ya gaji, sukari kuma ya taru a jini yana cin ido, ƙoda, jijiyoyi da ƙafa. Ƙwayoyin sa ƙiba kuwa, wasunsu su kansu suna ɗaga sukarin jini.

Saboda haka kada ki tsaya kan sikeli kaɗai. Ki ari tef wurin tela ki auna tsakiyarki, daidai wajen cibiya. Idan ya kai santimita 80, wato wajen inci 31 da rabi, lokacin lura ya yi. Siririya ma mai ɗan tumbi ba ta tsira ba, balle in akwai ciwon a dangi, ko ta taɓa haihuwar jaririn da ya wuce kilo 4.

Amma kada hankalinki ya tashi, abin yana da makari. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 2002, kan mutum fiye da 3,000 da ke gab da kamuwa, ya nuna waɗanda aka ɗora kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 80, bai kai kilo 6 ba fa.

Ludayi kuma a hannunki yake. Ki fara da abin sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce ƙaramin cokali 6 a yini, alhali kwalbar lemo guda tana ɗauke da kusan 9. Ki lissafa na shayi, na koko, na zoɓo, na fura. Wajen zuba abinci, ki bar rabin kwano ga ganye: zogale, rama, alayyafo, kabeji. Sauran rabin ki raba biyu, tuwo gefe, wake ko kifi ko nama gefe. Gero, dawa da acha da ba a surfe su tas ba sun fi farar fulawa riƙe ciki. A rage soye-soye, a daina barin mai yana iyo a kan miya. Wadda ba ta fita, zagayen tsakar gida da sauri na minti 30, kwana 5 a mako, ya wadatar.

In kina yawan fitsari da ƙishirwa, ko gani dishi-dishi, ko miki ya ƙi warkewa, ki je asibiti a auna jininki. Wadda aka riga aka ɗora kan magani kuma kada ta ajiye shi don an ba ta saiwa ko ganye.