Idan Shari'a ta Tambayi Sama: Ruwa, Iska da Aradu a Matsayin Shaida

Daga unguwar Ganou a Parakou muke gaishe ku, har zuwa Djougou, Kandi, Malanville da ƙetaren kogi a Gaya. Maganar yau ta shafi aljihunka kai tsaye, Alhaji mai kaya, ta kuma shafi garkenka, ɗan'uwa makiyayi.

A ce ka ɗora buhun masara ɗari biyu a kamiyo daga kasuwar Arzeke za a kai Malanville. Kaya suka iso a jiƙe, rabi ya fara tsami. Direba ya ce ruwa ne ya same shi kafin Kandi, ruwan da ba mai iya tare shi. Kai kuma ka ce tamfol ɗinsa ne yagagge. Ya rantse, ka rantse. To alƙali wa zai bi? A nan ne ake neman shaida na uku, wanda ba ya cin goron kowa, wato littafin hukumar yanayi.

Hukumar Météo Bénin tana da manyan tashoshi shida da ake auna yanayi dare da rana: Cotonou, Bohicon, Savè, Parakou, Natitingou da Kandi. Ana rubuta yawan ruwa, ƙarfin iska da inda ta fito, zafi da laima. Bayan su akwai ƙananan ma'aunan ruwa a garuruwa da dama. Ruwa da milimita ake auna shi. Milimita ɗaya tana nufin lita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Parakou kan samu wajen milimita 1,200 a shekara. Saboda haka idan aka duba littafi aka ga milimita 15 ce ta sauka ran nan cikin watan Agusta, wannan ruwan damina ne na kullum, kuma duk direban da ya san hanya ya san zai gamu da shi.

Ka riƙe wannan da kyau, don a kansa shari'ar ke juyawa. Kotu ba ta tsayawa ga “an yi ruwa ko ba a yi ba”. Abin da take bincike shi ne: ruwan ya wuce abin da mai hankali zai yi tsammani, kuma ba yadda za a kauce masa? Shi ne masu shari'a ke kira fors majer, mu kuma mu ce abin da ya fi ƙarfin mutum. Ambaliyar shekarar 2010, wadda ta taɓa gundumomi 55 cikin 77 na ƙasar nan, irinta ce ake nufi. Yayyafin la'asar bai shiga ciki ba.

Ga masu fatauci akwai doka a rubuce. Ƙasashen OHADA, ciki har da Benin da Nijar, sun amince da dokar ɗaukar kaya ta hanyar mota a Yawunde ranar 22 ga Maris 2003. Najeriya ba ta cikin ƙungiyar, amma dokar na aiki muddin wurin lodi ko wurin sauke kaya yana cikin ƙasar da ke ciki. A ƙarƙashinta mai mota ne ke da alhakin kaya tun daga lodi har zuwa sauka, kuma shi ne zai kawo hujjar cewa abin ya fi ƙarfinsa. Amma kai ma mai kaya akwai naka. Idan ɓarnar a fili take, ka sanar da shi a rubuce, kada ka wuce ranar aiki ta farko bayan an sauke. Idan ɓoyayya ce, kwana bakwai gare ka, ban da Lahadi da ranakun hutu. Diyya ba ta wuce jaka biyar na sefa a kan kowane kilo, sai fa in ka bayyana darajar kayanka a takardar lodi. Ƙara kuwa shekara ɗaya ce wa'adinta. Da yawa daga cikinmu sai an gama zaman sulhu na wata da watanni a tasha sannan a tuna da takarda, lokacin kuma buhunan sun bushe, shaida ta tafi.

Yanzu mu koma daji. Yaron da aka ba kiwo ya dawo ruga ya ce aradu ta kashe shanu huɗu. Mai shanu ya ce ƙarya ne, an kaɗa su kasuwa. Malamai sun faɗa mana wanda aka ba amana ba ya biyan abin da ya halaka ba da sakacinsa ba, amma sai an tabbatar ya halaka ɗin. Abu na farko, kada a taɓa mushen kafin likitan dabbobi ya gani. Aradu tana da alamunta: dabbobin kan faɗi wuri ɗaya, sau da yawa a gindin itace, wata da ciyawa a baki, wani lokaci da layin ƙuna a gashi. Na biyu, a nemi tabbacin an yi hadari mai tsawa a wannan yanki a wannan sa'a. Tun Disamba 2022 Turawa suka harba tauraron ɗan'adam na Meteosat mai na'urar da ke ganin walƙiya a sararin Afirka. Yaro talaka da ba shi da mai tsaya masa, wannan ce za ta iya wanke shi.

Haka batun gobarar daji a lokacin hunturu, wadda kullum Bafulatani ake fara nuna wa yatsa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Idan rugarka tana kudu maso yamma da gonar kashu da ta ƙone, wutar da ta tashi daga wurinka sai ta yi gaba da gaba da iska kafin ta kai can. Wuta na iya rarrafawa baya a hankali, gaskiya ne, amma wannan tambaya ce da dole mai ƙara ya amsa. Taurarin hukumar NASA ta Amurka suna nuna inda wuta ke ci da sa'ar da suka gan ta. Hannun da ya ƙyasta ashana ne dai ba sa nunawa.

Mai cewa “na gan shi da idona cikin farin wata” shi ma ana iya auna maganarsa. A shekarar 1858, a jihar Ilinoi ta Amurka, lauya Abraham Lincoln, kafin ya zama shugaban ƙasa, ya kare wani saurayi da ake tuhuma da kisa. Shaida ya ce ya ga komai da hasken wata. Lincoln ya kawo littafin lissafin wata, ya nuna a wannan sa'a wata ya yi ƙasa, yana dab da faɗuwa. Aka sallami saurayin.

Sai dai kada ka ɗauka takardar meteyo layar sa'a ce. Ruwan ƙasarmu ɗan zaɓe ne: ya yi kamar da bakin ƙwarya a Tourou, a tsakiyar Parakou ƙasa na ƙura. Masu bincike na shirin AMMA-CATCH, da suka baza ma'aunai a yankin Djougou da saman kogin Ouémé tun wajen 1997, sun ga yadda ruwa ke bambanta tsakanin ƙauye da ƙauye. To tashar Parakou, mai nisan fiye da kilomita 130 daga Djougou, ba za ta yi maka shaidar abin da ya faru a Kolokondé ba. Lauyan abokin shari'arka nan zai fara kama ka. Shi ya sa ake neman masani ya haɗa ma'auni mafi kusa da hoton tauraron ɗan'adam, ya faɗa wa kotu iyakar abin da lissafin ke iya tabbatarwa.

Akwai kuma tarkon lokaci guda biyu. Ma'aunin ruwa da safe ake karanta shi, don haka ruwan da ya sauka kafin asuba kan iya shiga lissafin ranar jiya. Sannan masu yanayi da agogon duniya suke rubutu, wanda ke bayan agogon Benin, Nijar da Najeriya da awa ɗaya. Ka ce a duba maka kwana uku a jere, kada a tsaya ga rana guda.

Ranar da abu ya faru, ka ɗauki hoto da wayarka nan take, ka tura wa wani ta WhatsApp don rana da sa'a su zauna. Ka rubuta sunan ƙauye mafi kusa. Ka kira delege ko mai unguwa ya gani da idonsa, in kaya masu tsada ne ka kira wisiye, jami'in da ke rubuta abin da ya tarar, kotu ta karɓa. Daga nan a rubuta wa hukumar yanayi ana neman takardar shaida mai hatimi, da sunan wuri da kwanakin da ake so. Hoton hasashen gobe da ke cikin wayarka ba ya maye gurbinta, don shi hasashe ne, kotu kuwa abin da aka auna take nema. In abin a ƙetare ya faru, a Nijar sai a nufi hukumar yanayi ta ƙasa a Yamai, a Najeriya kuma NiMet.

Mu kwana nan. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.