Jawabin Magatakardan Ƙungiya: 'Yan'uwanmu da ke zaune a Sin su fara da harshen kasuwa



A da, in an ce fatauci, Kano da Maraɗi da Kwatano ake nufi. Yau da yawa cikinmu suna da ɗa ko ƙane da ke zaune a Guangzhou ko Yiwu, yana saro kaya yana loda kwantena. Roƙona gare ku shi ne kada yaron nan ya shekara a can bai fara koyon Sinanci ba. Tafinta yana da amfani, amma zuwa da kai ya fi aike. Wanda ba ya jin abin da mai kaya da tafinta suke faɗa a gabansa, bai san nawa aka ɗora masa ba.

Ana cewa harshen yana da wuya. To, Bahaushe yana da abin da Bature ba shi da shi, wato kunnen jin karin sauti. Mu ne muke bambanta kuka na ido da kuka ta miya da murya kawai. Sinancin da ake ji ko'ina a ƙasar, Putonghua, karin sauti huɗu ne da shi. In ka ce "mai" muryarka ta yi ƙasa ta taso, saye kake nufi. In ta faɗo daga sama, sayarwa ce. Ɗan kasuwa ai bai kamata ya haɗa waɗannan biyun ba.

Sai ya fara da ƙidaya, don nan kuɗi ke salwanta. Huɗu "si" ce, goma "shi", kuma a bakin mutanen kudu, inda Guangzhou take, sukan yi kama. Su ba da dubu suke ƙirga manyan kuɗi ba, da "wan" ne, wato 10,000. Saboda haka 100,000 a wurinsu wan goma ne, miliyan kuma wan ɗari. Da hannu ɗaya suke nuna lamba: babban yatsa da manuni a buɗe takwas ne, ba biyu ba. In ka ga an rubuta 8 da kalmar "zhe" a shago, kashi 80 cikin 100 na farashi za ka biya, ba shi aka rage maka ba. Ma'auninsu na "jin" kuwa rabin kilo ne.

Kada rubutunsu ya firgita kowa. Tun 1958 suke da Pinyin, hanyar rubuta lafazinsu da haruffan boko, kuma da ita ake bugawa a waya. Da ita zai fara. Amma ya haddace siffar kalmar "qingzhen" da ke kan ƙofar gidajen abincin Musulmi, don ya san inda zai ci halal.

Mai zama a can yana da makarantar da mu ba mu da ita, kasuwa ce. Matsalar ita ce a unguwa irin Xiaobei mutum zai wuni cikin 'yan'uwa yana ta Hausa da Faransanci. Ya daure kullum ya tambayi farashi da bakinsa, "duo shao qian", ya ce ya yi tsada, "tai gui le", kafin ya ɗauko kalkuleta. Kalma biyar a rana ta isa. Sannu ba ta hana zuwa.

Gargaɗi ɗaya: jin ciniki daban, karanta yarjejeniya daban. Takardar da ba ka fahimta ba, kada ka sa mata hannu sai amintacce ya karanta maka.

Ku iyayen gida, ina roƙonku ku sa kuɗin malamin Sinanci cikin lissafin ɗawainiyar yaranku, kamar kuɗin haya da na biza. Shugaba, ina neman a sa wannan batu cikin abin da za a tattauna a taronmu na gaba.