Wa'azin Dare na Goma Sha Huɗu: Ga Wanda Bai San Inda Ya Dosa Ba

 Ƴan'uwa masu saurare a Filinge da Tukunus da Cikal da sauran ƙasar Kurfai, Allah ya karɓi azuminmu.

Maganarmu ta yau a kan wani nauyi ne da samarinmu da ƴanmatanmu ke ɗauke da shi. Yaro ya kammala lakwal, wani har ya yi jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, ya dawo gida ba aiki. Ya duba waya ya ga sa'ansa a Abijan ko Libiya jingine da mota, sai ya ce a ransa: kowa ya gane abin da ya zo yi duniya, ni kaɗai na ɓace. Wannan tunani ya tura wasu cikin hamada ba shiri, ya kai wasu ga shan tiramol.

Ya kai ɗana, ka rarrabe tambaya biyu. Ta farko: don me aka halicce ni? Wannan an riga an amsa ta a Suratuz Zariyat, aya ta 56, inda Allah ya sanar da mu cewa bauta masa ita ce dalilin halittar mutum da aljan. Ta biyu: ta wace sana'a, a wane gari zan rayu? Wannan kuwa a hankali ake buɗe wa bawa ita, kuma ayar ƙarshe ta Suratu Lukman ta nuna cewa sanin abin da gobe za ta kawo ba ya hannun ɗan Adam. To, don me za ka hukunta kanka a kan rashin sanin abin da Allah ya ɓoye wa kowa?

Ku dubi tarihin annabawa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki don lada, ya yi fatauci da dukiyar Nana Khadija, kuma wahayi bai zo masa ba sai da ya cika shekara 40. Annabi Musa ya yi aikin ƙwadago a Madyana a kan yarjejeniyar shekara takwas ko goma kafin a kira shi. Annabi Yusufu ya bi ta rijiya da bauta da kurkuku kafin a damƙa masa rumbunan Masar. Waɗannan shekaru ba asara ba ne; a cikinsu aka horar da su haƙuri da amana.

Malaman mazhabarmu sun ruwaito cewa wani mai yawan ibada ya rubuta wa Imamu Malik yana kiransa ya bar karantarwa ya keɓe kansa. Malik ya amsa masa da cewa Allah ya raba ayyukan alheri kamar yadda ya raba arziki: wani an buɗe masa ƙofar salla, wani sadaka, wani azumi, shi kuma an buɗe masa yaɗa ilimi kuma ya yarda da rabonsa. Haka abin yake a nan. Manomin gero a Dallol Boso, da makiyayin shanun Azawak a Tukunus, da mai kai dabbobi kasuwar Baleyara ran Lahadi, da uwar da ke tashi tun kafin asuba don dafa sahur, kowa na tsaye a ƙofarsa muddin halal ne kuma niyya ta gyaru. Dattawan da suka riƙe gidajensu a farin 1973 da na 1984 ba su tsaya neman sunan abin da suke yi ba. Sun ciyar da iyali, sun taimaki maƙwabci, ga mu yau a sanadinsu.

Kada wani ya ce malam ya halatta zaman kashe wando. A'a, tawakkali yana tare da ɗaure raƙumi. Ka kama aikin da ke gabanka yau, ko na lambu ne ko koyon ɗinki, ka kyautata shi. In hanya biyu ta buɗe, ka shawarci masana, ka yi sallar istihara, ka zaɓi ɗaya. In ba ta ɓulle ba, sauya sana'a ba zunubi ba ne.

Ku kuma iyaye, ku daina auna ɗanku da ɗan wane. Gori a kan akushin tuwo ya kori yara da yawa daga gida. In kun ga yaro ya daina barci, ya bar cin abinci, ya guji mutane, ku jawo shi a jiki, ku yi masa addu'a, ku kai shi likita.

Azumi ma yana koya mana wannan: ba wanda ya ɗauki kwana talatin a rana guda. Yau ka kama baki, gobe in Allah ya kai mu ka sake niyyar alheri.

Ya Allah, ka sanyaya zukatan matasanmu, ka buɗe musu ƙofofin halal, ka dawo da matafiyanmu lafiya, ka ba mu damina mai albarka, ka zaunar da Nijar lafiya.