Idan diddige ya daina jin ƙaya

 Maganarmu ta yau a kan ƙafa take.

A yawon da muke yi cikin ikilisiyoyin Gaya da Ajingi, samari masu gudun asuba, musamman masu shirin shiga soja ko makarantar 'yan sanda ta Wudil, sukan ce mana diddigensu yana yi kamar tururuwa na yawo a ciki, wani lokaci kuma ya mutu. Mata masu kai kaya kasuwa a ƙafa ma suna faɗin haka.

Akwai wata jijiya da ke gangarowa ta bayan idon sawu, ta gefen ciki, ta ratsa wani matsattsen wuri, sannan ta rarrabu zuwa diddige da tafin ƙafa. Ita ce ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin abin da aka taka. Gudu a kan kwalta da kambas da ya matse, ko tsohon targaɗe da ya bar kumburi, ko tafin ƙafa shimfiɗaɗɗe, duk suna iya danne ta. Wani kuma daga ƙugu matsalar take sauko masa. Irin wannan yawanci ƙafa ɗaya yake kamawa, yana tashi bayan wahala, ya lafa in an huta. A rage gudun, a sassauta igiya, a sake takalmi. In an yi mako biyu bai sake ka ba, je asibiti.

Wanda ya fi damunmu shi ne wanda bai yi gudu ba, amma ƙafarsa ta mutu. In ƙafafu biyu ne, ya fara daga yatsu, suna raɗaɗi da dare, ga yawan ƙishi da fitsari, a gwada jini saboda ciwon sukari. Yawan burkutu ma yana cin jijiyoyin nan, kada mu ɓoye wa juna.

Sai kuturta. Mun san ba a son jin sunan. Takan fara da wani tabo mai haske a fata, ba ƙaiƙayi, ba ciwo, in an taɓa shi ba a ji. Kuma tana kama wannan jijiya ta bayan idon sawu. Ba ita ke yanke yatsu da kanta ba. Mutum ne zai taka ƙaya a gona, ko garwashi a madafa, bai ji ba, ya ci gaba da takawa har wurin ya zama gyambo. Kuturta ƙwayar cuta ce, ba la'ana ba. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da maganinta kyauta, wata 6 ko wata 12, kuma wanda ya fara sha ba ya ƙara yaɗa ta. Amma jijiyar da aka bari ta daɗe a mace da wuya ta farfaɗo. A nemi gwaji a babban asibitin Gaya, ko a Yadakunya, inda a da 'yan mishan na SIM suka daɗe suna jinyar masu wannan ciwo.

Zumuntar mata, ga aikinku. Bayan sujada, wanda ke da wannan kuka ya cire takalmi, ya rufe ido, ku taɓa masa diddige da tafin ƙafa da tsinken tsintsiya a hankali, ya nuna inda ya ji. In akwai inda bai ji ba, kada ya ƙara shiga gona ba takalmi, ya riƙa duba ƙafarsa kowace yamma, wani dattijon ikilisiya kuma ya raka shi asibiti cikin makon nan.