Murhun Ɗumama Gida: A Sauya Ko A Rage Kuɗin Gidan?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau. Ya ce ƙanensa da ke zaune a birnin Shikago na Amurka zai sayar da gidansa, ya kuma yi masa alkawarin kuɗin taki, amma yanzu ya ce sai ya sauya murhun ɗumama gida tukuna. Shi ne yake tambaya: "Wai wane irin murhu ne wannan? Ko dai yaron nan yawo yake yi mini da hankali?"

To Malam, kwantar da hankalinka. Wannan murhu ba na girki ba ne. Na'ura ce da ke ƙona gas, ta ɗumama iska, sannan fanka ta tura iskar cikin bututu zuwa kowane ɗaki. A can ba a zama gida sai da ita. A watan Janairun 2019 sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifiri a Shikago. Idan murhu ya mutu a irin wannan lokaci, ruwan famfo kan daskare har ya fasa bututu.

Galibi murhun kan yi shekara 15 zuwa 20. Sabo kuwa, har da kuɗin aiki, yakan ci dubban daloli. Ka ga ashe ƙanenka bai yi maka ƙarya ba.

Sai dai ko dole ne ya sauya? Ya danganta da lafiyar murhun. Ya fara kiran makanike ya duba. Babban abin tsoro shi ne tsagewar ƙarfen da ke raba hayaƙi da iskar da ake shaƙa. In ya tsage, iska mai guba, wadda ba ta da wari ko launi, tana iya shiga ɗakuna. Irin ta ce ke kashe wanda ya kwana da garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. In haka ne, ba ciniki, a sauya kawai.

Amma in tsufa ne kurum, yana aikinsa lafiya, ba lalle ne ya sayi sabo ba. Kai ɗan kasuwa ne, ka sani: wanda ya sa wa tsohuwar mota sabon inji don ya sayar, da wuya kuɗin injin ya dawo masa duka. Gara a wanke murhun, a gyara, ya karɓi takardar shaidar makanike, sannan ya yi wa mai saye rangwame daidai gwargwado.

Abu ɗaya da ba zai yi ba shi ne ɓoye aibi. A Amurka mai saye kan ɗauko gwani ya bincike gida kafin ya biya, kuma dokar jihar Ilinoi ta wajabta wa mai sayarwa ya rubuta lahanin da ya sani. In ya ɓoye, ciniki na iya rushewa, ko a kai shi kotu.

Saboda haka ka kira shi, ka tambaye shi abu biyu: shekarar murhun nawa, kuma me makanike ya ce? Kada ka jira kuɗin gida damina ta wuce ka, ka nemi takinka tun da wuri.